Gishirin Yaya

A wurin aikinmu, kwalayen kayan asibiti ke shiga ɗaki mai kaurin bango, wani haske da ido ba ya gani ya kashe musu ƙwayoyin cuta. Mukan yi wasa: mu cusa dunƙulen gishiri cikin kwali, ya shiga fari tas, ya fito kalar ruwan shayi.

Yaya bai taɓa tura nasa ciki ba. Gishirin na kan teburinsa, jikin bangon ɗakin, yana danne takardu da shi. Da ciwon sankarar jini ya ɗauke Yaya, aka ba ni kujerarsa, wai taimakon gida. Gishirin kuwa Umma ta ƙulle a bakin zaninta, ko taɓawa ba ta yarda a yi.

Wata rana ta kwance shi a gabana. Ya yi rawaya.

Na je wa matar da ke awo a ɗakin gwaji. Ta ce, "Hasken nan idan ya ratsa gishiri, yakan ture ƙananan abubuwan cikinsa daga mazauninsu, ya bar gurabe. Su ne launin. In an gasa shi, komai zai koma gurbinsa, ya saki hasken da ya sha. Amma sau ɗaya ne fa, daga nan ya koma fari."

Da na gaya wa Umma, ta ce atafau. "Abin da ya rage min ke nan, shi za ku ƙona?"

"Umma, a kujerarsa nake zama."

Washegari ta riga ni saka takalmi.

Mai awo ta ja labule, ta kashe fitila, ta ɗora gishirin a kan ƙarfe mai zafi. Ina ta addu'a kada a ga komai, don wallahi tsoro nake ji, kuma aikin nan shi ke ciyar da mu.

Sai ga shi. Wani haske mara ƙarfi ya taso daga cikin gishirin, ya daɗe bai mutu ba, har na ga fuskar Umma. Ta kira Yaya da sunan da take masa yana goye.

Aka kunna fitila. Gishiri fari tas, kamar yau aka sayo. Umma ba ta ko kalle shi ba. Ni ta kama, ta juya hannuna, tana duban shatin jinin da ya kwanta a damtsena, irin wanda ya fara fito wa Yaya, wanda na ce mata ƙofa ce ta buge ni.