Awakin Gwaggo Safiyatu

A ƙauyensu, can gefen Makoda, in aka ambaci Dabo sai a ce, "Ai shi ba ya mantuwa." Wasu su ce shirunsa ya yi yawa, sai ka gama zuba ya ce maka "to" kawai. Amma kowa ya yarda da amanarsa. Shi ya sa da ƙungiyar manoma ta buɗe shafin sanarwa a waya, shi aka damƙa wa, ko da yake sai da ya aurar da 'yarsa ta fari sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci.

Tsarin shafin shi ne a kasa sanarwa rukuni-rukuni, kowa a sa shi inda yake so, kada waya ta dame shi da abin da ba ruwansa. Dabo ya zauna a gindin darbejiya ya buɗe huɗu: Taki da Iri, Farashin Kasuwa, Kiwo, sai Harkokin Gida. Maza ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Mata kuwa, da aka kawo masa lambobinsu, bai tambayi ko ɗaya ba. Ya zuba su duka a Harkokin Gida, yana ganin ya kyauta.

Da damina ta kankama, ma'aikatan lafiyar dabbobi suka aiko cewa ran Talata za su zo yi wa awaki da tumaki rigakafi. Dabo ya ɗauki saƙon da muryarsa, ya tura rukunin Kiwo. Maza suka saurara, suka ji ba maganar shanu ba ce, suka wuce gona. Awakin garin kusan duk na mata ne. Ma'aikatan suka zauna a filin firamare har azahar, suka tattara kayansu suka tafi.

Ba a yi wata ba ciwo ya shigo, majina da zawo. Gwaggo Safiyatu, ƙanwar mahaifinsa, ta rasa awaki huɗu cikin bakwai, har da jar akuyar da take shirin haihuwa. Su ne abin da ta dogara da su tun rasuwar mijinta.

Dabo ya buɗe rukunin Kiwo ya bi sunayen da yatsa. Babu mace ko ɗaya. Ya kife wayar a cinyarsa.

A majalisa Dogo mahauci ya ce, "Su mata ai wayarsu ta kiɗan biki ce. An tura musu sanarwa, sun ƙi ji, yanzu kuma kuka."

"Kai kuma kakarka ta yanke saƙa, nama ya yi araha," in ji Kamilu. Aka yi dariya. Dogo ya juyo, "Malam Dabo, ba ka tura ba?"

"Na tura," ya ce, yana kallon takalminsa.

Kwana biyar yana kewaye ƙofar gidan gwaggon ta bayan masallaci. Ran na shida ita ta aiko a kira shi. Ya same ta tana ɗura wa wata 'yar akuya jiƙo.

"Dabo, ka ƙi ni ne? Ko gaisuwar asara."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya jajanta. Ta kwance wayarta daga bakin zane ta miƙa masa.

"Duba min wannan abar. An ce ka tura saƙon rigakafi, ni ban ji ba. Na girkin waken suya na ji, har sau biyu. Hala na danna wani wuri ne, ka san kan tsufa. Ni na jawo wa bayin Allahn nan."

Ya riƙe wayar, bai ko kunna ta ba. 'Yar akuyar ta yi tari.

"Gwaggo, ba ki danna komai ba. Ni ne ban sa ki a rukunin Kiwo ba, ke da duk matan garin nan. Ban tambaye ku ba. Na san haka tun kwana shida, na yi shiru. Don Allah ki yafe mini."