Igiya Biyu a Wuyan Bishiya Ɗaya

A dangin matata sunana Sarkin Ɓarna. Yayanta ne ya laƙaba mini, kuma wallahi sharri ne. Keken da ya taɓa ara mini, dama tayarsa ta gama aiki. Tsaninsa da ya karye a hannuna kuwa, ni na zuba masa gara? Amma tunda ya faɗa a gaban mutane shi ke nan, har 'ya'yansa idan na ɗauki kofi sai su tsaya suna kallon hannuna.

To ranar da injin zartona ya ƙi tashi, ga shi na riga na karɓi aiki, ba yadda na iya sai na nufi gidan Yaya. Yana da sabon injin zarto da ya saya saboda gonarsa, ja wur, ko ƙura ba ya bari ta hau. Sai da matata ta yi ta yi masa magiya a waya kafin ya fito da shi a rungume kamar jariri.

"Dube ni da kyau," in ji shi. "Ko fenti ya kankare, kada ka ƙara taka ƙofar gidana. Kuma zan biyo ka in gani da idona."

"Ba komai, Yaya, in Allah ya yarda."

A raina na ce yau zan wanke sunana. Shekara da shekaru ina sare itace, ban taɓa kayar da bishiya ko a kan kaza ba, amma mutumin nan kallon shashasha yake mini, kuma abin yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Aikin wata doguwar bishiyar turare ce da ta fara bushewa, tana tsaye daidai kan iyakar gidan burodi da shagon kafinta. Mai Burodi da Kafinta sun yarda a sare ta kafin iska ta yi musu aika-aika, kuma tun da suke maƙwabtaka wannan kaɗai suka taɓa yarda a kai. Mai Burodi yana hangen itacen gashi, Kafinta yana hangen katako. Ashe sun yanke a tsakaninsu cewa duk wanda ta faɗa a filinsa, tasa ce. Ni ba wanda ya gaya mini wannan shirmen.

Na zagaya na duba. Gefen Mai Burodi fili ne fetal, ba komai sai tsohon baro. Gefen Kafinta kuwa rumfa ce cike da gadaje da kujerun mutane. Ko makaho ya san inda za a kwantar da ita. Na hau na ɗaura igiya can sama, na sauko na miƙa wa ma'aikatan gidan burodi, na ce su ja da baya sosai su riƙe ta a miƙe, in na ɗaga hannu su ja. Na yanka wa bishiyar baki ta gefensu, don inda ka buɗe mata baki can take kwanciya. Sannan na toshe kunne, na koma bayanta na kama yankan ƙarshe.

Kai, injin Yaya inji ne! Shiga itace yake kamar wuƙa a sabulu. Har na fara murmushi ni kaɗai. Saura kaɗan in gama sai na ji ya yi nauyi, ya yi wani gurnani, ya mutu. Na ja ya ƙi fita. Bishiyar ta zauna da baya, ta danne harshen zarton a cikin tsagar.

Na cire abin toshe kunne na ɗaga kai. Inna lillahi! Ashe ina can sunkuye, Kafinta ya ɗaura guduma a bakin wata igiya ya wurga ta kan reshe, shi da masu koyon aikinsa sun kafa ƙafa suna ja ta nasu gefen.

"Malam Kafinta, me nake gani haka?"

"Haƙƙina nake karewa."

"Kan rumfarka fa za ta faɗo!"

"Rumfar taka ce ko tawa?"

Mai Burodi daga can ya daka tsawa: "Duk wanda ya saki igiyar nan, a bakin aikinsa!"

Shi dai ba don Allah ya faɗa ba, amma na ji daɗinta. Idan Kafinta ya saki, bishiya za ta tafi inda na tsara, tsagar ta buɗe, in zare zarton Yaya lafiya lau. Idan kuwa masu burodi suka gaji, da baya za ta tafi, gindinta ya murƙushe shi. Na ɗauko guntun ƙarfen da nake cusawa a tsaga, na buga, na buga, ko allura ba za ta shiga ba. Bishiyar tana ta ƙara a kaina, dole na matsa.

Na roƙi Kafinta. Na haɗa shi da iyayensa. Na ce ni da kaina zan raba musu ita biyu. Ya ce shi gindin yake so, Mai Burodi ya ce shi ma gindin yake so, mutumin da ƙonawa kawai zai yi!

Kafin ka ce kwabo layin ya cika. Mai aski ya fito da almakashi a aljihu ya kama wa Kafinta. Wanda yake yi wa askin, rabin kai a aske, ya fusata an bar shi a kujera, ya je ya kama wa Mai Burodi. Wani mai jakar ofis da yake wucewa ya ajiye jakarsa ya kama, sai da ya jiƙe da gumi sannan ya tambayi na gabansa, "Wai me ake ja ne?" Kafinta ya yi shela cewa duk wanda ya taya shi yana da kujerar tsuguno. Mai Burodi kuwa sawa ya yi aka fito da burodi mai zafi ana tura wa masu ja a baki. Nan take rabin mutanen Kafinta suka tuna cewa dama can su mutanen Mai Burodi ne.

Sai bishiya ta fara sunkuyawa inda ya kamata. Tsagar ta ɗan buɗe. Na lallaɓa na kama mariƙin zarton, na ji ya motsa. Wallahi har ƙwalla ta zo mini don murna.

Ana haka na ji tsayuwar babur ta layin Kafinta.

Shi Yaya ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata, kuma Allah ya yi shi ba ya ganin ana gwada ƙarfi ya wuce. Daga inda ya tsaya rumfa ta tare masa gindin bishiyar, ta tare masa masu burodi. Abin da ya gani kawai wasu ramammun mutane ne igiya tana jan su a ƙasa, Kafinta yana ihu, "Bawan Allah, taimaka!"

Na leƙo ta gefen rumfa ina ɗaga hannu biyu. "Yaya! Kada ka taɓa igiyar nan!"

"Rufe mini baki!" in ji shi yana naɗe hannun riga. "Bishiya ɗaya ta gagare ka tun safe. Matsa ka ga aikin maza."

"Yaya, zarton..."

Ina! Mutane sun riga sun ɗauki sowa. Ya naɗa igiyar a hannu, ya tofa yawu, ya yi wata irin kururuwa, ya fizga. Masu burodi, da suka ga na ɗaga hannu, su ma suka fizga, sai igiyarsu ta kuɓuce suka zube rigingine, burodi a baki. Na ji ƙas daga cikin itacen. Ban san lokacin da na tsallake baron nan ba.

Kowa ya watse. Bishiyar ta tafi da baya a hankali, sannan ta rufta kan rumfar Kafinta, rim! Ƙura ta tashi, ƙafar gado ta yi sama ta dawo. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Da ƙurar ta lafa sai ga Kafinta a kan tarkacen rumfarsa yana rawa yana cewa, "Tawa ce! Tawa ce!" Matarsa tana tsaye ta ɗora hannu a ka.

Aka yi ta jinjina wa Yaya. Ya taho wurina yana huci, ƙirji a gaba.

"Ka gani? Haka ake aiki. Ina zartona?"

Na nuna masa da baki.

Harshen zarton ya lanƙwashe ya koma kamar lauje. Sarƙar tana rataye a kan shinge. Jan murfin nan da ko ƙura ba ta hawa ya tarwatse cikin ciyawa, mai yana tsiyaya. Yaya ya durƙusa. Ya dubi bakin da na yanka wa bishiyar, ya dubi inda ta faɗa, shi ma manomi ne, ba sai an yi masa bayani ba. Sannan ya dubi tafin hannunsa, igiya ta sale shi jawur.

Na gyara tsayuwa. Yau dai zan ji Yaya ya ce ya yi kuskure. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya taso ya matso kusa da kunnena, murya ƙasa-ƙasa.

"Mijin ƙanwata, don girman Allah, in mun je gida ka ce kai ne. Kai an riga an saba."

Na dube shi. Ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba, ga idonsa ya ciko kamar na yaro. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Muka tattara gutsattsarin a buhu, ya goya ni a babur har gida.

Matata tana shanya muka shiga. Buhun ya yi kacau da na ajiye shi. Yaya ya laɓe a bayana, hannu biyu cikin aljihu. Ina ta juya maganar a raina, in faɗa ko in rufa masa asiri, ashe wahalar banza nake yi. Ko kallon buhun ba ta yi sau biyu ba.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri," in ji ta. "Ni ce da laifi da na sa ka ba shi."