Durƙuson Shuvai a Bakin Tafki

Ranar Asabar ɗin da dangin Marufu suka fita shan iska bakin tafkin Chivero da ke kusa da Harare, Shuvai ce kaɗai ba ta sha iskar komai ba. Amarya ce, ko shekara ba ta rufa a gidan ba, kuma kowa ya san abin da fita yawo ke nufi ga matar ɗa: a ɗauke mata murhu daga gida a dasa mata shi a gindin bishiya. Tun da motar mijinta Garikai ta tsaya a filin ciyawar da ake saukar da masu yawon shaƙatawa take kan ƙafa. Ita ce hura gawayi, ita ce tuƙa sadza, wato tuwon masara, ita ce korar biran da ke leƙen ledar burodi. Maza kuwa sun kewaye nama a kan wayar gashi suna gardamar ƙwallo, kai ka ce juya tsoka ɗaya wani aikin ƙarfi ne.

Maidei, yayar Garikai, tana miƙe a tabarma tana fifita da hula, bakinta bai huta ba.

"Amaryarmu, in tuwon nan ya yi gudaji, gobe za mu je gidanku mu koro shanun da muka biya sadakinki."

Shuvai ta yi dariya ta ci gaba da tuƙi, don tsokanar Maidei ba ta taɓa damunta ba. Wanda take jin nauyinsa har cikin ƙashi shi ne surukinta, Baba Marufu, tsohon direban jirgin ƙasa. Ba mugu ba ne, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Amma tun kafin a kawo ta, mahaifiyarta ta yi ta nanata mata har ya zauna daram: ba a tsayawa a kan uban miji, ba a kallon idonsa, ba a ɗaga masa murya, taɓa jikinsa kuwa ko a mafarki. In za ki yi masa magana ki durƙusa, ki tafa hannu, ki jira ya amsa. Shuvai ta riƙe wannan har dangi na buga misali da ita.

Tsohon bai zo don nama ba. Tun da safe ya ɗauki ƙugiyarsa ya gangara can bayan ciyayin bakin ruwa, inda kiɗan motoci ba ya kaiwa. Akwai allon gargaɗi a hanyar, an zana kada baki buɗe, amma ya ce yana kamun kifi a nan tun ba a haifi mai zanen ba. Da abinci ya nuna, uwar mijin ta miƙa wa Shuvai buta da kwano, ta ce ta kai wa Baba ruwan wankin hannu, ta ce masa ya taso.

Ta same shi zaune kan wani faffaɗan dutse, ya ba ta baya, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa cikin ruwa. Ya kama karfasa masu kyau, yana feɗe su a nan inda yake, yana watsa kayan cikin a gabansa. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Kainuwa ta rufe ruwan kore shar, iska na tura ta a hankali zuwa hagu.

Abu ɗaya ne ba ya bin iskar. Wasu ƙulluma biyu ne a tsakiyar kainuwar, da wani dogon baƙin abu a gabansu, suna tahowa kai tsaye wajen dutsen. Shuvai ta tsaya. Ta ce wa ranta kututture ne. Sai ɗaya daga cikin ƙulluman ya ƙifta.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba. Ta san abin da ya kamata: ta yar da butar, ta kurma ihu, ta finciko tsohon ta wuyan riga. Wallahi ta sani. Amma jikin da aka yi shekaru ana horarwa bai tsaya jiran shawararta ba. Gwiwoyinta suka kai ƙasa, ta ajiye kwanon a hankali don kar ya yi ƙara, ta haɗa tafukanta ta tafa.

"Baba."

Bai waiwayo ba, don shi ma yana kiyaye nasa gefen na kunya. Ya amsa da fara'a, ya ce ya ji ƙamshin girkinta tun daga nan, bari ya gama da wannan na ƙarshen.

"Baba, don Allah ku taso," in ji ta, muryar a ƙasa kamar mai roƙon gishiri.

Ya yi 'yar dariya, ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Ya sunkuya zai ɗauraye wuƙarsa.

Ruwan ya fashe. Ba ta ga tahowar ba, ta dai ji ƙarar haɗuwar haƙora, ta ga tsohon ya zame daga kan dutsen kamar an ja tabarma, ƙafarsa a bakin kada. A nan ne kunyar ta sake ta. Ta yi tsalle ta rungumo ƙirjinsa ta baya, ta tokare ƙafa da gefen dutsen, ta saki ihun da ba ta san tana da shi ba. Kadan ya ja, ta ja. Laka ta cika mata baki. Tana ganin idon dabbar kusa da ita, rawaya, ko alamar fushi babu a cikinsa, wannan ne ma ya fi razana ta. Hannuwanta suka fara zamewa a jikin rigar da ta jiƙe, ta cusa yatsu cikin ɗamararsa ta riƙe, tana jin tsohon na kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa.

Garikai ne ya fara isowa da ƙarfen gashi a hannu, wasu masunta na biye da sanduna. Suka yi ta dukan kan dabbar, wani ya soka mata itace mai wuta a ido. Dabbar ta murɗa sau ɗaya, wani abu ya yi ƙas, sannan ta saki ta nutse. Sai da aka ɓamɓare yatsun Shuvai ɗaya bayan ɗaya kafin aka iya ɗaukar tsohon zuwa mota.

A asibiti a Harare likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa. Washegari da hantsi ya farfaɗo, dangi suka cika ɗakin. Da 'yar muryar da ta rage masa ya ba su labari, ya ce matar ɗansa ta zo ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, da abin ya faru kuma ita ta hana a tafi da shi. Uwar mijin ta fashe da kuka tana sa wa iyayen Shuvai albarka. Maidei ta rungume ta, ta ce shanun nan ko an ninka su ba a biya ba. Shuvai dai tana tsaye a bakin ƙofa, idonta na kan zanen gadon, daidai gurbin ƙafar da aka yanke, inda zanen ya kwanta shafal.

Da ma'aikaciyar jinya ta ce a rage cunkoso, tsohon ya ce a bar masa matar ɗansa ta ba shi ruwa. Ɗakin ya rage su biyu. Ta tsiyaya ruwan a kofi ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya juyo da kansa a kan matashin ya dube ta.

"'Yata, muryarki na rawa tun kiran farko. Kin gan shi kafin ki durƙusa, ko?"

Ta so ta yi ƙarya, amma bakinta ya ƙi.

"E, Baba."

Daga waje tana jiyo muryar mijinta yana ba wani labari a waya, yana ta faɗin sunanta da alfahari. Tsohon ya miƙo hannu ya karɓi kofin.

"Kar Garikai ya ji wannan," in ji shi. "Ko bayan raina."