Jirgin 'Yan Tsaki

A makarantar koyon tuƙin jirgi da ke can ƙarshen filin jirgin sama, bayan rumbun mai, kowa Malam yake ce masa. A gida kuwa Yaya ne, don shi ne babba a ɗakinsu. Ya daɗe yana koyarwa, amma ba koyarwar ce burinsa ba. Kamfanin manyan jiragen fasinja ba ya ɗaukar sabon matuƙi sai ya tara awa dubu ɗaya da ɗari biyar a sama, kuma ba ya ɗaukar wanda ya haura shekara arba'in. Malam ya kusa cika awoyin, ya kuma kusa cika arba'in ɗin, shi ya sa kullum cikin tunanin wanne zai riga wanne yake.

Da a ce wannan kaɗai ne damuwarsa, da sauƙi. Amma akwai Auta.

Auta ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi Malam da kansa ya zaunar da shi a kujerar jirgi ya nuna masa yadda ake riƙe sitiyari. Abin da ya ci wa Malam watanni yana gumi, Auta a 'yan makonni ya haɗiye shi yana dariya. In ya sauko da jirgi, ko shayin da ke cikin kofi ba zai motsa ba. Makanikai na yabonsa, Manaja na yabonsa, Mama kuwa ba a magana, in jirgi ya wuce ta saman gida sai ta ɗaga kai ta ce ko Autanta ne, kamar ɗaya ta haifa. Malam yana son ƙaninsa, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai duk sanda aka yabi hannun Auta, wani abu yakan taso masa a rai, kuma ya san sunan abin sarai. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Da Auta ya gama karatu makarantar ta riƙe shi aiki, shi ma ya shiga tara awoyinsa. A ofis akwai wani farin allo inda ake rubuta wa zai tashi da wane jirgi a kowace rana, kuma Manaja ya daɗe da sakar wa Malam wannan aiki, don shi ne babba a cikin malamai. Jiragen koyo ƙanana ne, masu inji ɗaya, tsaf-tsaf, daga safe zuwa yamma suna sama, awoyi na zuba kamar ruwan famfo. Sai kuma Tsohuwa, wani jirgin kaya mai inji biyu da makarantar ke bayarwa haya. Ita ce ke kai kwalayen magani da 'yan tsaki zuwa ƙananan garuruwa. Ga ƙara, ga zafi, ga warin kashin kaji da ke bin mutum har cikin gashin kansa. Yau ta tashi, gobe tana kwance makanikai sun buɗe mata ciki. Wanda aka ba Tsohuwa, awoyinsa rarrafe suke yi.

Malam ya rubuta sunan Auta a gaban Tsohuwa. Mako ya zagayo ya sake rubutawa. Da Manaja ya tambaya, ya ce yaro ne, gara ya san wahalar aiki tun da wuri, kada yabo ya kumbura masa kai. Manaja ya gyaɗa kai ya ce lallai babban wa uba ne. Shi kuwa Malam ya kwashi ɗalibai ya tara a gaban sunansa, yana zagaya fili ɗaya da su, tashi, sauka, tashi, sauka, har ya haddace kowane rufin kwano da ke unguwar.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne Auta bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan dawo rigarsa jiƙe sharkaf, yana ba da labarin yadda kwali ya ɓalle 'yan tsaki suka cika masa ƙarƙashin kujera, ko yadda inji ɗaya ya yi tari a cikin hadari ya lallaɓa ya sauka da ɗayan. Mama ta riƙe baki tana salati, yara na dariya, Malam na cin abinci kamar yana tauna yashi. Matarsa kaɗai ta gane. Wata rana tana ninke masa riguna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Abban yara, ramin nan da kake ginawa, ka gina shi gajere." Ya yi kamar bai ji ba.

Haka aka yi ta tafiya har Malam ya cika awoyinsa. Auta ma, da rarrafen nasa da ɗan abin da yake tsinta a jiragen koyo in wani malami bai zo ba, ya lallaɓo yana biye da shi daga nesa. Malam bai damu ba, don ya san ya riga shi. Ya sayi sabon takalmi, ya sa aka goge masa kwat, yana jiran kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata.

Kamfani ya buɗe, amma da sabon sharaɗi. Shugabannin da suka zo sun ce sun gaji da matuƙan da suka tara awoyinsu suna kewaya fili ɗaya da rana tsaka. Yanzu sai mutum yana da awa ɗari biyar a jirgi mai inji biyu, kuma wanda yake da su, ana iya yafe masa abin da ya rage a jimillar. Malam yana da lasisin inji biyu, amma awoyinsa a ciki ba su taka kara sun karya ba, rabonsa da shiga Tsohuwa tun kafin Auta ya fara aiki. Auta kuwa ya haura ɗari biyar ɗin da nisa.

Aka kira Auta, aka gwada shi, aka ɗauke shi.

Ranar da ya karɓo kayan aiki, Mama ta tara 'yan uwa a falo. Auta ya fito cikin farar riga da igiyoyi a kafaɗa, hula a hammata, mata na ta shafa kafaɗar suna sa albarka. Malam yana daga gefen ƙofa, kusa da takalma, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Sai Auta ya ratso mutane ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, ni ban san da bakin da zan gode maka ba," in ji shi. "Wallahi da farko na ɗan ji haushin Tsohuwar nan, ashe kai ka hango abin da ban hango ba. Ka bar wa kanka ƙananan, ka ba ni wadda za ta kai ni. Allah ya saka maka."

Malam ya duba fuskarsa yana neman alamar gatse, ko ɗan ƙyaftawar ido, wani abu dai da zai ba shi damar yin fushi. Babu. Yaron da zuciya ɗaya yake magana, har idonsa ya kawo ruwa. Mama ta fashe da kuka tana cewa ita dai ta yi dace da babban ɗa. Falo ya ɗauki amin. Malam ya ɗago Auta ya ce ba komai, ai yi wa kai ne. Bai yarda ya kalli inda matarsa take ba.

Washegari ya rubuta sunansa a gaban Tsohuwa. Manaja ya tsaya a bayansa ya karanta, sannan ya ce ai ya makara, masu kajin sun koma aika kayansu a mota, kuma Tsohuwa an yi mata ciniki, ƙarshen wata masu ita za su zo su ɗauka. Ya ƙara da cewa ko da tana nan, a yadda take tashi yau ta kwanta gobe, kafin ya tara ɗari biyar ai ya yi sallama da arba'in. Ya faɗa ne cikin tausayi, ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa masa tsumman goge allo.

Bayan wasu watanni, da hantsi, Malam yana cikin ƙaramin jirgi tare da ɗalibinsa, wani likita da ke koyon tuƙi don sha'awa. Sun gangaro bakin titin tashi sai hasumiyar kula da tashin jirage ta ce su dakata, babban jirgi zai riga su. Jirgin ya taho a hankali, fari ƙal, inuwarsa ta rufe su gaba ɗaya. Hasumiya ta ba shi izinin tashi, muryar da ta amsa a rediyo kuwa Malam ya san ta tun tana kiran Yaya a tsakar gida. A natse take, ba gaggawa, tana maimaita umarni kalma bayan kalma yadda shi ya koya mata.

Injina suka yi ruri, ƙaramin jirginsu ya hau karkarwa. Likita ya bi babban da kallo har ya ɗaga hanci ya shige gajimare, sannan ya juyo yana washe baki.

"Malam, an ce ƙaninka ne a ciki, ko? Kai, lallai kana alfahari. To mu yanzu mu shiga?"

"Riƙe birki," in ji Malam. "Iskar da ya bari za ta iya kifar da mu. Sai ta lafa."

Suka zauna suna jira.