Lamba Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da biyu muna yawon haƙa tare da Leland Hruska, bai taɓa cewa in taimake shi ba. Ranar da motarsa ta mutu a hanyar Cleveland ana tsaka da zubar ƙanƙara, da ƙafa ya tako gida don kada ya kira ni. Shi ya sa da ya bugo waya ranar Juma'a ya ce, "Gus, gwiwar nan taka za ta iya tsayuwa gobe?" na san ba lafiya ba.

Ni tsohon direban bas ɗin makaranta ne, shi kuma gyaran famfo ya yi har ya tsufa. Aikinmu kowace Asabar shi ne mu ɗauki na'urar gano ƙarfe mu bi filayen shaƙatawa na unguwanni muna neman sulallan azurfa na da. Kana lilo da faifan na'urar a kan ciyawa, in ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi maka ƙara a kunne, ta kuma nuna lamba. Azurfa lambarta can sama take, ƙusa can ƙasa. A tsakiya kuwa, wajen sha uku zuwa sha biyar, nan babban maƙiyinmu yake, wato kunnen gwangwani, ɗan abin nan da ake ja a buɗe lemo. Mutanen ƙasar nan sun shekara sittin suna shan lemo suna yar da shi a ciyawa, kamar an biya su su ɓata mana rai.

Ni mutum ne mai gaggawa, Leland kuwa ko ruwa ake yi ba ya sauri. In na ce mu ƙarasa wuri kafin wasu su riga mu, sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, ƙasa ba ta zuwa ko'ina." Na ji wannan magana ta fi sau dubu, har matarsa Arlene ta haddace ta tana tsokanarsa da ita.

Da safiyar Asabar na same shi a filin da ke bayan laburare, ƙarƙashin babbar bishiyar nan mai benci. Sati bakwai ban gan shi ba, tun da aka yi mini aiki a gwiwa. Ya rame, wandonsa duk jar ƙasa.

"Tsoho, wa ya ci maka abinci?" na ce.

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini allon da hukumar gari ta kafa a bakin filin. Za a zuba kankare a yi filin wasan tanis a nan, kuma aiki zai fara ranar Litinin.

"To, ai mun gama da wurin nan tun tuni," na ce. "Ko sisi bai rage ba."

"Zoben Arlene yana nan," in ji shi.

Arlene shekara biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama ta. Wani lokaci 'yarta ma sai ta tambaye ta ko ita ce sabuwar nas. A watan Yuni Leland ya ɗauko ta ya kawo ta nan ta sha iska. Tana zaune a benci tana watsa wa tsuntsaye burodi, yatsunta sun ƙanƙance, zoben aurensu ya fice ya bi burodin. Ba su lura ba sai da suka koma. Tun daga ranar, matar da ba ta tuna abin da ta karya da shi, kullum ya shiga ɗakinta sai ta ɗaga hannu ta ce, "Lee, ka samo?" Shi kuma ya ce gobe.

"Sati bakwai!" na ce. "Kai wane irin mutum ne? Bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa mini ba?"

"Kana kwance da ƙafa a sama kamar kaza a tanda, me za ka yi mini? Na bi wurin nan a tsaye, na bi shi a kwance, na bi shi a karkace. Duk abin da ya yi ƙara na haƙo, har takardar cingam. Yanzu shiru yake ɗif. Na ce ko kunnena ne ya fara tafiya."

Na ce ya sayo wani zoben irinsa mana. Ashe ya saya. Ta juya shi sau ɗaya ta miƙo masa, ta ce nata yana da ɗan lanƙwasa inda ƙofar mota ta taɓa datse shi.

Na kunna tawa na'urar. Siririn zoben zinariya lambarsa ɗaya da kunnen gwangwani, duk mai haƙa ya san wannan, don haka na buɗe mata duka lambobi ta faɗi komai. Taku uku na yi daga bencin ta fara ihu. Sha huɗu. Na matsa, sha uku. Na matsa, sha huɗu, sha huɗu, sha biyar. Wurin da Leland ya ce shiru yake, a kunnena kamar kasuwa.

"Miƙo taka in gani," na ce.

Ina duba fuskar na'urarsa na gane abin da ya faru. A watan Afrilu 'yarsa ta saya masa sabuwar na'ura, irin mai ƙananan rubutun da idonsa ba ya gani. Ni na saita masa ita a kan bonet ɗin motata, ina cika baki. Na toshe mata baki daga sha biyu zuwa sha shida, yadda mu masu neman sulalla muke yi don kada kunnen gwangwani ya dame mu. Na ce masa, "Shi ke nan, na raba ka da shara har abada." Daga nan na manta. Sati bakwai mutumin nan yana bi ta kan zoben matarsa, na'urar tana jin sa tana yin gum, domin ni na ce ta yi gum.

Ban iya faɗa masa ba. Na daddanna na buɗe lambobin, na ce wani abu ne ya ɗan goce a ciki. Ya sa abin kunnensa, ya yi lilo sau biyu, ya tsaya cak. Bai dube ni ba. Ya durƙusa ya zaro wuƙar haƙa.

Ni ba na iya durƙusawa, likita ya hana, kuma ko bai hana ba gwiwar ba za ta yarda ba. Sai muka raba aiki, ina nema ina soka ɗan tsinke, shi yana bi da rarrafe yana haƙa. Mutum mai shekara saba'in da shida. Abin da ya fi ba ni haushi, kowane rami sai ya yi shi yadda aka saba: ya yanka ciyawar gefe uku, ya buɗe ta kamar murfi, ya ciro abin, ya mayar da ƙasa, ya rufe, ya danna da tafin hannu.

"Haba Leland! Jibi katafila za ta kwashe wurin nan gaba ɗaya, wa kake yi wa kwalliya?"

"Hannuna bai iya wani iri ba," in ji shi.

Ranar Asabar mun ciro kunnen gwangwani ɗari da tara. Ranar Lahadi ko coci bai je ba, muka ciro ɗari da talatin da wani abu, da mabuɗi ɗaya, da kwabon shekarar 1944 wanda a da sai mun yi sati muna musu a kansa. Ya jefa shi a jaka ko gogewa bai yi ba. Da rana ta yi sanyi wuƙar har suɓuce masa take don gajiya. Na dubi tsinkayen da suka rage a ciyawa, sun fi sittin, kuma ko rabin wurin ban bi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga sai kaina.

Litinin ƙarfe bakwai na safe mun tarar an zagaye wurin da waya. Leland ya roƙi shugaban ma'aikatan, wani mai jar hula, ya ba mu ko da rabin yini. Mutumin ba mugu ba ne, ya saurare shi har ƙarshe.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "In na bar ka ka shiga ka faɗi, aikina ya tafi."

Muna tsaye a bakin waya katafila ta kankare ciyawar da tsinkayena duka, tana zubawa a tifa. Leland ya tari direban tifa ta farko ya tambaye shi ina ake kai ƙasar. Ya ce ya danganta, wata cikon hanya, wata bayan gari inda ake tara ta a gauraya da ta ko'ina. Tifa tara muka ƙirga.

A mota, a hanyar gidan tsofaffin, na kasa riƙewa. "Leland, ba gocewa ta yi ba. Ni na toshe lambobin, tun Afrilu."

"Na sani," in ji shi. "Tun da ka karɓe ta na ga fuskarka." Ya ƙara da cewa, "Amma kunnen nawa ne, Gus. Shekara arba'in ina wannan abu. A ce filin da yara suke shan lemo ya yi shiru haka, ban tambayi kaina ba?"

Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Arlene tana zaune a bakin taga an taje mata kai. Ba ta gane ni ba, ta gaishe ni kamar baƙo. Ta ɗaga hannun hagu, wurin zoben har yanzu fari ne.

"Lee, ka samo?"

Ya zauna kusa da ita, ya ɓoye hannayensa masu ƙasa a tsakanin gwiwoyi. "Gobe," ya ce.

Ta dafa kafaɗarsa tana murmushi, ita ce ma take lallashinsa.

"To mene ne na ɓata rai? Yana nan ƙarƙashin bishiyar. Kwantar da hankalinka, ƙasa ba ta zuwa ko'ina."