Shurɗa Na Ƙasa

"Kyamara?" Fatu ta ce, ta buga tafin hannu a cinya. "Kyamarar ce za ta zauna ta sha shayi da mutane? Abu Raghad, ka ji tsoron Allah. Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

"Khala, ni ban ce yau ba," in ji Abduljalil. Yana tsaye a bakin ƙofar falo da farar jallabiya mai karin guga da baƙaƙen takalma masu sheƙi, waya a hannu. "Cewa na yi a yi tunani. An sace tukunyar gas ɗin Zaharadden, an fasa gilashin motata. Ɗakin nan na ƙarƙashin bene yanzu ba mai shi. A sa haris ya yi gadi, a ɗaura kyamara, halas."

"A biya shi da me?"

"Da asusun gida mana. Ba don tsaronmu muke tarawa ba?"

Ranar sadakar uku ce ta Baba Bawa, bayan la'asar. A titi maza suna jera kujerun zaman makoki, suna rataya fitilu daga wannan bene zuwa wancan. A sama kuma, falon matarsa Hajiya Mastura cike yake da mata, ga gahawa ga dabino, kowa ta sunkuyar da kai kamar mai jan carbi, alhali kunnuwa duk a miƙe suke. Sadiyya matar Abduljalil kuwa sai juya kofin gahawa ɗaya take yi a faranti.

Fatu ta san abin da haris yake nufi, kuma duk wanda ke gidan nan na unguwar Sharafiyya ya san ta sani. Ɗanta Muntaka ya kai arba'in, a bayanta ya shigo Jidda lokacin da ta zo umra ta ƙi komawa. Ba shi da iƙama, ba shi da ko takardar da za a naɗe ƙosai. Da can yana aiki a wata masana'antar ƙarfe a kudancin gari, har ranar da wani faifan ƙarfe ya kuɓuce ya danne abokin aikinsa a gabansa. Tun daga nan, in abu ya yi ƙara da ƙarfi, sai ya kama ihu yana jifa da duk abin da hannunsa ya samu. Haris baƙo ba zai jira ihu na biyu ba, lamba zai danna. Daga nan sai tarhil, gidan jiran kora, sai jirgi, sai Kano, garin da Muntaka bai san kowa ba in ban da sunan unguwar kakarsa.

Wanda yake tare wannan duk shekarun nan shi ne Bawa.

Bahaushen Sudan ne, mutumin Gadarif, dogo, siriri, mai kunnuwa kamar marfin tukunya. Direban sito ne har ya tsufa. Tun suna Karantina, kafin rusau ya watsa kowa, a lungunsu ba mai iya kiran 'yan sanda, wato shurɗa, don in suka zo raba faɗan mutum biyu, da mutum goma za su tafi. To amma faɗa ba ya tambayar iƙama. Wata rana wani mai gyaran firij da matarsa suka kaure, tukwane na tashi, wata ta leƙo ta taga ta ce, "Jama'a, a kira shurɗa!" Ba wanda ya motsa. Can sai ga Bawa da singileti da butar shayi a hannu, ya yi sallama ya shiga, ya ce gas ɗinsa ne ya ƙare, ko za su ara masa wuta. Kafin ruwan ya tafasa matar tana neman kofuna. Daga ranar ya zama Baba Shurɗa, har takardar gayyatar biki da sunan ake kawo masa.

Kai, Karantina! Ƙofa ba ta rufuwa sai don ƙuda. Ƙanshin tuwon wannan yana shiga miyar waccan, labarin safe kuwa kafin azahar ya kai bakin teku ya dawo da ƙari. Da aka rushe, Bawa ne ya yi ta yawo har ya samo musu wannan tsohon bene, ya kwaso waɗanda ya iya kwasowa. Ya roƙi mai gida ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye risho da buta. Kowane gida kan jefa ɗan abin da ya samu a asusu ƙarshen wata, shi kuma ya sayi sukari da ganyen shayi, da gurasar tamis da waken ful ga wanda aiki ya yanke masa, da ƙwayoyin Muntaka. Miji da mata in sun ɓata, can. Wanda kafili, uban gidansa, ya cinye wa albashi yana neman wanda zai shaƙe, can.

In ciwon Muntaka ya tashi kuwa, Bawa yana da nasa tsarin. Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya. Sai ya tuɓe takalmansa a kan matakala, ya cusa wayarsa cikin ɗaya, wai takalmi da waya kayan mai sauri ne. Ya zauna a ƙasa ɗan nesa, ba ya ko kallonsa.

"Muntaka, ruwa ya tafasa?"

Ihu. Jifa. Sai ya sake tambaya, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Har dai a ji murya ta dusashe ta ce, "Bai tafasa ba, Ammu."

"To, mu jira shi."

Fatu ta sha yi masa gori a kan wannan shayin. "Kai dai Bawa da za a ce Jidda ta kama da wuta, buta za ka ɗora." Shi kuma ya ce, "To Hajja, a bar wutar ta tafi a banza?" Haka suka tsufa suna cacar baki, ƙofa na kallon ƙofa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Makon nan duk ana ta raɗe-raɗin ana kame a unguwa, kowa a ɗarare yake. Hajiya Mastura tana Madain Fahd wajen 'yarsu Luba da ta haihu. Masu takarda duk suna wajen aiki. Bawa ya sauko da butarsa, a matakalar ƙarshe ƙirjinsa ya riƙe, ya zube.

Wadda ta fara ganinsa Hikima ce, amaryar Zaharadden, 'yar Maraɗi, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta ji kowa na cewa Baba Shurɗa, ita ma haka take kiransa. Amma tsoro ya haɗiye mata "Baba". Ta hau bene da gudu tana kururuwa:

"Shurɗa na ƙasa! Wayyo, Shurɗa na ƙasa!"

Allah Sarki. Yarinya gaskiya ta faɗa, yana ƙasa kuwa, a kwance. Amma wa zai tsaya fassara? Sai ƙarar sakata ta ko'ina. Aka kashe rediyo, aka toshe bakin jarirai. Hikima tana buga ƙofofi, kowane bugu yana ƙara tabbatar wa na ciki cewa an iso. Akwai wata tsohuwa, ba za a faɗi sunanta ba, da kullum take cewa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa ko a sallah, ranar a ƙarƙashin gado aka same ta.

Fatu ta fizgi hannun Muntaka suka haye rufin bene, suka tsuguna bayan tankin ruwa, rana tana dukan ƙeyarsu.

"Umma," ya ce, "Ammu ne."

"Rufe mini baki."

"Ammu ne na ƙasa."

Ta dafe masa baki da tafin hannu. Ya cire hannun a hankali, ya miƙe. Duk gidan nan shi kaɗai ne kalmar shurɗa ba ta da ma'ana biyu a kunnensa. Fatu ta ji saukarsa tana tsugune bayan tankin. Daga baya ta ce a ranta, in tafiya da shi za a yi, to a haɗa da ita. Ta bi bango ta sauko.

Babu mota, babu kaki. Silifas ɗin Muntaka ne a jere kan matakala. Yana zaune a ƙasa, ya ɗora kan Bawa a cinyarsa, buta ta mirgina gefe.

"Ammu," yake cewa, "ruwa ya tafasa?"

Bawa ya buɗe ido, ya dube shi, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi dariya. "Ya kusa," ya ce. Sai ya kama kalmar shahada, Muntaka yana bin sa. Kafin motar asibiti ta kutso lungun, an riga an rufe shi da mayafin Fatu.

Wannan ne Abduljalil ya riƙe, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba.

"Khala, mutum ya kwanta a matakala, gida cike da jama'a, ba wanda ya leƙo," ya ce. "Da akwai haris, da tun faɗuwarsa an kira asibiti. Wallahi ni ma Ammu ne a wurina. Ina da 'ya mace, Raghad tana dawowa makaranta ita kaɗai. In kare gidana laifi ne?"

"Ba rashin ido ne ya bar shi a ƙasa ba," Fatu ta ce. "Idanu nawa ne a gidan nan? Tsoro ne ya kulle mu. Kai kuma so kake ka ɗauko tsoron ka ba shi ɗaki, ka riƙa biyansa albashi da kuɗin shayinmu."

"To wa zai zauna a ɗakin? Ke?"

"In ta kama."

"Da wannan bakin naki? Ai faɗan mutum biyu sai ya zama na unguwa."

Wata ta ƙyalƙyale, ta mayar da shi tari. Hajiya Mastura, da ke zaune a kusurwa cikin takaba, ta ɗago a karo na farko. "Makullin ɗakin dai yana wuyan Muntaka," ta ce. "Malam ne ya rataya masa da hannunsa tun bara. Mai so ya je ya cire."

"Hajja, da girmanki, Muntaka ba shi da lafiya. Wata rana zai ji wa wani ciwo. Sannan wa za a kira?"

Nan Fatu ta ajiye "Abu Raghad" gefe guda.

"Abduljalil," ta ce, "ɗan Rahma mai waina. Wa aka kira ranar da wani ɗan saurayi ya kwance batirin motar Bayamane mai kanti a Karantina? Mutumin har ya ɗaga waya. Wa ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙofar kantin tun azahar har magariba yana ba shi haƙuri? Da shurɗan gaske suka zo ranar, yau da wace iƙamar kake mana taƙama?"

 Kofin da ke hannun Sadiyya ya tsaya. Wannan labari ko ita ba ta taɓa ji ba, ga shi yau ta ji shi tare da mata goma sha, waɗanda ba za su kwana da shi su kaɗai ba.

Fuskar Abduljalil ta yi duhu. 

"Halas," ya ce. "Ku yi yadda kuka ga dama."

Ya juya ya fita, ya maka ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce. Ƙararta ta bi matakala ta sauka har ƙasa, kamar an yar da faifai a masana'anta.

Sai ihun Muntaka ya taso daga ɗakin ƙarƙashin bene. Aka ji kofi ya fashe a bango, wani ya bi shi.

Fatu ta miƙe ba ta ko nemi takalmi ba. Titi cike da baƙi 'yan ta'aziyya, kowa da waya a aljihu, ga Abduljalil ya sauka da zuciya a wuya da tasa wayar a hannu. Tana dafa bango tana sauka, tana kiran sunayen Allah duk wanda ya zo bakinta. Gwiwa tana cewa tsaya, ita tana cewa ba yau ba.

A kwanar ƙarshe ta tsaya.

Ihun bai daina ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai wata murya, a shaƙe, irin ta wanda ya ari rigar da ta fi shi, tana tambaya ko ruwa ya tafasa.  Muryar ta yi gyaran murya, ta sake tambaya.

A kan matakala, kusa da silifas ɗin Muntaka, ga baƙaƙen takalma masu sheƙi a jere. Cikin na dama waya tana haske, ta jima tana haske, sannan ta mutu da kanta. Fatu ta tattara zaninta ta zauna kusa da su.