Mai Katifa Ba Ya Minshari

Shekara ashirin da uku Mai Katifa yana musu da matarsa a kan magana ɗaya: ita ta ce yana minshari, shi ya ce sharri ne. Hujjarsa ba ta canzawa: "Ni ne mai hancin, ni ne mai barcin, kuma ban taɓa ji ba." Yana ɗaukar maganar da zafi, don a ganinsa abin kunya ne a ce mutumin da ke sayar wa jama'a barci, nasa barcin ne ke hana wani runtsawa.

Ana cikin haka babbar 'yarsu mai karatun kwamfuta ta zo hutu, ta buɗe wa shagon shafi a intanet. Ta ce hotuna kaɗai ba sa jawo ciniki, sai an haɗa da bidiyo. Mai Katifa ya ce ba sai an nemo kowa ba, shi zai fito.

Bayan ya ci abincin rana ya yi nak, aka shimfiɗa katifa mafi kauri a tsakiyar shago. Ya cire hula ya kwanta. 'Yar ta jingina wayarta a jikin tulin matasai, ta ce, "Baba, minti ɗaya kawai. Ka rufe ido ka yi kamar kana barci." Sai wata mata ta leƙo tana tambayar zanen gado, 'yar ta fita wurinta. Ko da ta dawo, "kamar" ɗin ya zama gaske.

Da ya farka ta ce za ta yanke bidiyon, don ya kai minti goma sha ɗaya.

"Kada ki taɓa komai. Ai gwanintar ke nan."

"Baba, akwai sauti a ciki fa."

"Ki ɗora kawai."

Ta ɗora shi a saman shafin, yadda da an buɗe zai fara da kansa, in ya ƙare ya sake komawa farko. Ta soma yi masa bayani cewa irin wannan bidiyon shiru yake farawa har sai mutum ya kunna sautin, amma hankalinsa na kan yadda gemunsa ya fito. Washegari ta koma makaranta.

Mai Katifa ya kalli kansa a waya ya fi sau goma. Ga shi kwance shame-shame, ciki na hawa yana sauka, kuma ko tari babu. Nan take ya gane abin da Allah ya kawo masa. Ya garzaya gida, ya sami matarsa tana guga, ya miƙa mata wayar.

"Maman yara, ga shaida. Minti goma sha ɗaya, ko uffan. Ina minsharin?"

Ta kalla har ƙarshe, ta mayar masa. "Gaskiya ne, Baban yara. Shiru kake ji."

Mako guda ya yi yana tafiya kamar wanda ya ci shari'a. Kullum yana duba lambar da ke ƙasan bidiyon, masu kallo har sun haura ɗari uku. Ranar Asabar abin ya kai shi ga tara maƙwabtan shago. Cikinsu har da Mai Labule, tsohon abokinsa, wanda ya sha jin labarin musun nan har ya haddace. Mai Labule ya karɓi wayar, ya gyara tabarau.

"Wannan 'yar lasifikar da aka ja wa layi fa, ta mece ce?"

"Ado ne."

Mai Labule ya danna adon.

Abin da ya fito daga wayar ba ya faɗuwa. Ya fara da gurnani, ya hau, ya tsaya cak har aka zaci ya ƙare, sannan ya sauko da fito. Mai gyaran fanka da ke bakin ƙofa ya ja da baya.

"Janareta ne," in ji Mai Katifa.

"Ranar ai akwai wuta," in ji Mai Labule.

"To zarton kafinta ne."

"Kafintan a cikin hancinka yake aiki?" in ji Mai Labule. "Dubi leɓenka yadda yake rawa."

Dariya ta ɓarke. Mai Katifa ya fizge wayar yana danne-danne, ya rasa inda ake kashewa, bidiyon kuwa ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. Haka ya cusa ta ƙarƙashin katifa tana ta gurnani, ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kaya. Ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Kin sani?"

"Tun ranar farko na kunna."

"Mutum ɗari uku sun ji ni."

"Kwantar da hankalinka. Fiye da rabi ni ce da 'yan'uwana."

Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Sai ya tuna yawan safiyar da ta tashi da jajayen idanu ya ce mata rigima ce, da ranar da ya kira ta mai ƙage a gaban yayarta. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya fi kunyar yawa.

"Wannan abin kike ji kullum?"

"Wannan ai na rana ne, ɗan ƙarami."

Ya murza hularsa a hannu, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Maman yara, ki yi haƙuri."

Ta ɗora rigarsa a kan sauran kayan, ta shafe ta da tafin hannu.

"Na yi," ta ce. "Shekara ashirin da uku."